Farfesan da Ke Noma Kayan Gini: Dirk Hebel da Binciken Naman Kaza

A watan Satumba na 2017, a wani baje-kolin zanen gine-gine da tsara birane da aka yi a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, an kafa wani abu mai siffar bishiya a cikin ɗaki. Rassansa masu launin fari da ƙasa-ƙasa sun taso, sun rarrabu, sun tallafe wata rumfa ta gora mai faɗin mita 4 da tsawon mita 4 a bisa tsayin mita 3. Babu siminti a jikin rassan, babu rodi, ba kuma itace aka sassaƙa ba. An shuka su ne kamar yadda ake shuka amfanin gona, daga tuƙar rake da ragowar rogo waɗanda zaren naman kaza ya ratsa ya ɗinke wuri guda. Sunan abin MycoTree, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka jagoranci aikin shi ne Farfesa Dirk Hebel, Bajamushe masanin zanen gine-gine, wanda a wannan shekarar ya karɓi kujerar farfesan gini mai ɗorewa a Cibiyar Fasaha ta Karlsruhe da ke Jamus.

Hotunan wannan bishiya sun zagaya duniya, kuma kamar yadda aka saba, an yi ta rubuta cewa lokaci ya kusa da za a daina gini da siminti a koma gini da naman kaza. Wanda ya bi aikin Hebel a tsanake zai ga cewa maganar ta fi haka wuya, ta kuma fi haka amfani.

Abin da muke gani ya tsiro a jikin ruɓaɓɓen kututture da damina, wanda wasu ke kira naman kaza wasu kuma laimar kwaɗi, ɗan ƙaramin sashe ne na halittar, kamar yadda 'ya'yan itace suke ga bishiya. Ainihin jikinta yana ɓoye a cikin itacen ko a cikin ƙasa: wasu siraran zaruruwa ne farare waɗanda suka fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, suna miƙewa, suna rassa, suna haɗuwa da juna har su zama saƙa. Masana na kiran wannan saƙa maisiliyam. Tana cin abinci ta hanyar fitar da wasu sinadarai da ke narkar da itace, sannan ta tsotse abin da ya narke, kuma a yayin da take ci tana manne wa duk abin da ta ratsa. Bangon kowane zare yana ɗauke da wani sinadari mai tauri irin wanda ke jikin ɓawon fara da ƙwaro. Wannan mannewar ita ce dukiyar da masu binciken gini suke nema, wato gam da ke tsirowa da kansa.

Yadda ake aikin a ɗakin gwaje-gwaje ba shi da sarƙaƙiya a faɗe. Ana samo garin katako ko karan masara ko tuƙar rake, a daddatsa, a jiƙa, a turara da zafi domin a kashe duk wata ƙwayar halitta da ke ciki. Sai a barbaɗa irin naman kazan da aka zaɓa, a cakuɗa, a danna a cikin mazubi mai siffar da ake so, a rufe a ajiye a wuri mai ɗumi da laima. Bayan 'yan kwanaki fararen ɗigo za su fara bayyana a jikin garin kamar an yayyafa gari, su yi ta faɗaɗa suna haɗewa, ɗakin ya ɗauki ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Cikin mako biyu zuwa uku abin da a da yake warwatse a tafin hannu ya zama dunƙule guda mai farar fata a bayansa, mai laushi kamar jemammiyar fata. Daga nan sai a fitar da shi a gasa a tanda, domin halittar ta mutu, ruwan jikinta ya ƙafe. Idan kuwa an yi sakaci da tsafta, ko hannu mara wanki ya taɓa garin, koren funfuna ne zai riga naman kazan cinye abincin, aikin makonni ya tashi a banza. Masu noman naman kaza na ci sun san wannan annoba tun kafin masu gini su shigo fagen.

Hanyar da Hebel ya bi ya iso ga wannan gari mai fari ta biyo ta Afirka. Ya yi karatu a jami'ar ETH da ke Zurich a ƙasar Switzerland da kuma Princeton ta Amurka, ya koyar a Zurich, sannan ya tafi Addis Ababa inda ya zama daraktan kimiyya na farko na cibiyar Habasha ta nazarin zanen gine-gine da raya birane. A can ya tarar da birni mai bunƙasa cikin gaggawa, ana ta zuba benaye da siminti da ƙarfe masu cin kuɗin waje, alhali ƙasar da ake takawa da gorar da ke tsaunuka an bar su a matsayin kayan ginin talaka. A 2010 shi da abokan aikinsa da ɗalibai suka gina wani gidan gwaji mai hawa biyu da ake kira SUDU, bangonsa na dannanniyar ƙasa, rufinsa kuma baka ne na siraran tubala da aka jera ba tare da rodi ba. Cikin waɗanda suka yi aikin wannan baka akwai tawagar Philippe Block, injiniyan gini na ETH, wanda bayan shekara bakwai zai sake haɗuwa da Hebel a aikin bishiyar Seoul.

Daga 2012 ya koma Singafo, a wata cibiyar binciken biranen gobe da ETH ta kafa a can. Tambayar da ya tafi da ita daga Habasha ita ce ko gora za ta iya maye gurbin rodi a cikin kankare. Gora tana da ƙarfin jure ja sosai, amma idan aka saka ta ɗanya a kankare tana shan ruwa ta kumbura, daga baya ta tsuke, sai riƙon da ke tsakaninsu ya saki. Maganin da tawagarsa ta gwada shi ne a tsage gorar a cire zaruruwanta, a jiƙa su da gam, a matse da zafi har su zama sanda mai tauri. Sandar ta yi ƙarfi, sai dai gam ɗin da ke riƙe ta daga sinadaran masana'anta yake, kuma abin da aka manne da irin wannan gam ba ya rabuwa, ba ya kuma ruɓewa ya koma ƙasa. A fahimtata nan ne zaren labarin yake. Duk wanda ya ce zai yi kayan gini daga tsiro, ko gora ko kara ko garin katako, ƙarshenta sai ya tsaya a kan tambayar abin da zai manne su da shi. Littattafai biyu da Hebel ya fitar da abokan aikinsa a wannan zangon, ɗaya a 2014 kan gini da shara, ɗaya a 2017 tare da Felix Heisel kan kayan ginin da ake nomawa, sun nuna inda tunaninsa ya dosa.

Dalilin da ya sa mutum zai ɓatar da shekaru a kan wannan tambaya yana cikin alƙaluma. Duniya na sarrafa siminti kimanin tan biliyan 4 a kowace shekara, kuma sai an ƙona farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450 kafin a same shi. Hayaƙin da ke fita ba na man da aka ƙona kawai ba ne, dutsen kansa yana sakin iskar kabon idan ya gasu, shi ya sa masana'antar siminti ita kaɗai take da alhakin kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ana kwasar yashi da tsakuwa kusan tan biliyan 50 a shekara. A Jamus, ƙasar Hebel, fiye da rabin sharar da ake tarawa daga wuraren gini da rusau take fitowa. Tsarin gaba ɗaya hanya ce mai tafiya ɗaya: a haƙo, a gina, a rushe, a zubar.

Sai dai zaren naman kaza ba shi da ƙarfi, kuma wannan gaskiya ce da masu aikin MycoTree ba su ɓoye ba. Kayan da suka yi amfani da shi, wanda kamfanin Mycotech na birnin Bandung a Indonesiya ya noma da wani nau'in naman kaza mai suna Ganoderma, bai kai ƙarfin megafaskal ɗaya ba (ma'aunin ƙarfin kayan gini ke nan) idan aka danna shi, alhali kankaren gida na yau da kullum yana tsakanin 20 da 40. Idan aka ja shi ko aka lanƙwasa shi kuwa, raunin ya fi haka. Da irin wannan abu ba za a iya zuba ginshiƙi da dogari yadda aka saba ba. Abin da Block da tawagarsa suka yi shi ne suka juya lissafin. Maimakon a zana siffar da ake so sannan a nemo kayan da zai jure, sai aka fara da abin da kayan zai iya ɗauka, aka nemo da kwamfuta siffar da a cikinta kowane reshe danniya kawai yake sha, nauyi yana gangarowa ta tsakiyarsa daga rumfa zuwa ƙasa ba tare da ya ja shi ko ya karkata shi ba. Kowane gunduwa an noma shi a mazubinsa na daban, aka sa faranti na gora a bakin gaɓoɓin domin su zauna daidai a kan juna. Rassan da ake gani a hoto taswirar hanyar da nauyi ke bi ce.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Laka ba ta da ƙarfin jure ja, azara kuma gajera ce, amma magina suka jera azarar hawa-hawa a cikin laka suka fitar da bakan gizo da ya ɗauki rufin faffaɗan ɗaki. Fasahar ta bambanta da ta Seoul a daki-daki, amma tunanin ɗaya ne: magini ya san iyakar abin da ke hannunsa, ya bar wannan iyaka ta tsara masa siffa. Siminti da rodi sun sa an yi shekara ɗari ana mantawa da wannan ilimi, domin suna jure kusan duk siffar da aka ɗora masu, ko mai hikima ko mara hikima. Ina ganin babban abin da MycoTree ta koyar ke nan, kuma darasin zai tsaya ko da naman kaza bai taɓa ɗaukar nauyin bene ba.

Hebel ba shi ya fara wannan fage ba. A 2007 wasu ɗalibai biyu na wata kwalejin fasaha a jihar New York, Eben Bayer da Gavin McIntyre, suka kafa kamfanin Ecovative, wanda ya yi suna wajen noma abin naɗe kaya da zai maye gurbin farin soson nan da ake cusawa a kwalin talabijin da firji. A 2009 wani mai fasaha Ba'amurke, Philip Ross, ya baje wani ɗan ƙaramin baka na tubalan naman kaza a birnin Düsseldorf na Jamus. A 2014 David Benjamin, malami a jami'ar Columbia, ya gina hasumiyar Hy-Fi a harabar gidan baje-kolin MoMA PS1 a New York, da tubala kimanin 10,000 da aka noma daga karan masara, tsayinta wajen mita 12. Ta tsaya tsawon bazara guda a waje, sannan aka rushe ta aka mai da tubalan taki. Bambancin aikin Seoul shi ne an nemi kayan ya ɗauki nauyin wani abu da ba nasa ba, kuma an yi lissafin injiniya a kai kamar yadda ake yi wa kowane ginshiƙi.

A nan ya kamata a tsaya a yi wa kai adalci. Hasumiyar New York ta rayu wata uku, bishiyar Seoul a ƙarƙashin rufi ta tsaya, nesa da ruwan sama. Mai gina gida yana tunanin shekara hamsin ne, yana tunanin 'ya'ya da jikoki. Kayan da aka noma daga naman kaza yana shan ruwa, farar fatar bayansa tana ɗan kare shi, amma idan laima ta daɗe a jikinsa yana kumbura, ƙarfinsa ya ragu, wasu funfuna su same shi abinci. Siffar da ta sa yake zama taki cikin sauƙi ita ce kuma ta sa yake buƙatar kariya muddin yana jikin bango. Akwai kuma matsalar kauri. Halittar tana shaƙar iska, don haka a dunƙule mai kauri zaren yakan cika a gefe ya bar tsakiya da gari a warwatse, wanda ido ba zai gani ba sai an tsaga. Ga matsalar daidaito: buhun siminti na yau da na gobe kusan abu ɗaya ne, amma abu mai rai yana sauyawa da irin da aka shuka, da abincin da aka ba shi, da ɗumin ɗakin. Injiniyan da zai sa hannu a takardar gini, da hukumar da za ta ba da izini, da kamfanin inshora, duk lamba suke so wadda ba ta motsi, kuma dokokin gini na ƙasashe an rubuta su ne da siminti da ƙarfe da katako a zuciya.

Hatta maganar kare muhalli tana buƙatar lissafi na gaskiya. Turara garin kafin shuka yana cin wuta, gasa shi bayan ya nuna yana cin wuta, mazubin sau da yawa na roba ne, kuma naman kazan kansa yana fitar da iskar kabon yayin da yake cin abincinsa, kamar kowane abu mai numfashi. Kabon ɗin da ke ajiye a cikin kayan zai zauna ne iyakar zaman kayan a jikin gini. Idan wutar masana'antar daga kwal take, ribar tana raguwa ƙwarai. Sannan kalmar “shara” da ake yawan faɗa tana da ruɗi. Karan da mai bincike a Turai yake kira ragowar gona, a ƙauyukanmu abincin dabba ne, makamashin girki ne, dangar gida ce, kuma yana da farashi a kasuwa da rani. Duk lissafin da ya ɗauka cewa za a same shi kyauta zai rushe da zarar masana'anta ta fara saye da yawa.

Saboda haka ni na fi ba da muhimmanci ga wani aikin Hebel wanda bai yi farin jinin bishiyar ba. A 2018 aka buɗe wani gida mai suna UMAR a cikin ginin gwaji na NEST da ke Dübendorf kusa da Zurich, wanda Werner Sobek ya zana tare da Hebel da Heisel. Gida ne na zama da mutane suke kwana a ciki. Ƙa'idar da aka gina shi a kai ita ce kowane abu da ke jikinsa a iya kwance shi a raba shi, ƙarfe ya koma wurin ƙarfe, gilashi wurin gilashi, abin da ya fito daga tsiro kuma ya koma ƙasa. Don haka aka guje wa gam, aka yi amfani da noti da maɗauri da sarƙafe. A cikin wannan gida allunan naman kaza sun sami gurbi a jikin bango, a ɓoye, a bushe, ba su ɗauke da nauyin komai. A nan kayan yake nuna abin da ya iya: ba shi da nauyi, yana tare zafi da sanyi, yana shanye ƙara, kuma idan wuta ta kama shi bayansa gawayi yake yi maimakon ya narke yana ɗiga kamar farin soson roba.

Daga nan binciken Karlsruhe ya ƙara karkata zuwa ga alluna. Idan aka ɗauki dunƙulen da ya nuna aka matse shi da injin mai zafi, iskar ciki tana fita, ya zama falle mai tauri kama da allon garin katako da kafintoci ke yin kabad da tebur da shi. Irin wannan allo na kasuwa ana manne shi ne galibi da gam mai sinadarin fomaldehaid, wanda hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa a jerin abubuwan da ke haddasa kansa tun 2004, kuma gam ɗin ne ke hana a mai da tsohon allo taki. Kasuwar waɗannan alluna tana da girman gaske, domin kusan babu ofis ko ɗakin girki na zamani da ba su a ciki. Idan zaren naman kaza ya karɓi ko da wani yanki na aikin wannan gam, tasirinsa zai fi na kowace rumfar baje-koli. Aiki ne na haƙuri: a gwada wannan iri da wancan gari, a auna lanƙwasawa, a jiƙa a auna kumburi, a sake. Ba ya fitar da hoto mai ɗaukar ido, amma shi ne ke samar da lambobin da hukuma za ta iya dogara da su.

Akwai wani gwaji a Namibiya da ya nuna wata hanyar ta daban. A can wata ƙayar daji ta mamaye miliyoyin hekta na makiyaya, ana sare ta domin ciyawa ta dawo. Shirin MycoHab, wanda ya haɗa bankin Standard da jami'ar MIT ta Amurka da ofishin zanen gine-gine na Chris Maurer, yana niƙa wannan ƙaya ya noma naman kaza na ci a kanta, a sayar da amfanin, sannan a matse ragowar a gasa ta zama bulo. A 2024 suka buɗe gidan farko da aka gina da shi. Abin lura a nan shi ne tsarin kuɗin: abincin da ake sayarwa shi ke ɗaukar tsadar noman, bulon kuma daga abin da ya rage yake fitowa, kuma itacen da ake amfani da shi abu ne da jama'a ke son a rabu da shi. Wannan ya amsa tambayar kara da na ɗaga a baya ta hanyar da ta dace da wurin. Matsewar tana ƙara wa bulon ƙarfi ƙwarai a kan dunƙulen da ba a matse ba, amma har yanzu bangon yana buƙatar yaɓe da rufi mai baki da tushe mai tsayi, kamar dai kowane ginin ƙasa.

Abin da ya rage wa wannan fage shi ne shekaru. Gara da laima da zafin rana ba su aiki cikin mako uku, kuma babu injin gwaji da zai maye gurbin bango da ya ga damina ashirin. Hebel ya fara da laka a Addis Ababa, ya bi ta gora a Singafo, ya iso ga naman kaza, kuma a kowane zango tambayarsa ba ta sauya ba: daga ina wannan kayan ya fito, me ke riƙe shi, ina za shi idan ginin ya gama aikinsa. A 2022 tawagar ɗalibansa ta Karlsruhe ta lashe gasar gine-gine masu amfani da hasken rana ta Turai da aka yi a birnin Wuppertal na Jamus, da wani gida mai suna RoofKIT da aka tsara domin a ɗora shi a kan rufin tsohon gini, wanda kuma za a iya kwance shi gaɓa-gaɓa. Waɗannan ɗalibai su ne za su riƙa sa hannu a takardun gini nan da shekara goma, kuma sun koyi zana bango suna tunanin ranar da za a kwance shi.